Ƙwarin Gwiwa Daban, Lafiyar Gwiwa Daban

Bahaushe a gwiwa ya ajiye jarumtarsa. In mutum ya samu mai ƙarfafa shi sai a ce ya samu ƙwarin gwiwa, in ya karaya a ce gwiwarsa ta yi sanyi, in ya tashi haiƙan kan wani al'amari a ce bai yi ƙasa a gwiwa ba, in kuma jama'a suka haɗa kai kan aiki a ce haɗin gwiwa suka yi. Duk waɗannan gwiwar zuci ce. A makon nan so nake mu duba gwiwa ta ainihi, wadda ke tsakanin cinya da ƙwauri, da abin da kan faru in ta samu rauni alhali mai ita yana shirin shiga ɗaya daga cikin gasanni mafiya wahala a duniya, wato tirayatalon.

Ga wanda bai san ta ba, tirayatalon gasa ce da ta haɗa wasanni uku a jere babu hutu tsakaninsu: a faɗa ruwa a yi ninƙaya, a fito a hau keke, a sauka a yanki gudu. A irin siffar da aka san ta a yau, an fara ta ne ranar 25 ga Satumbar 1974 a birnin San Diyego na Amurka, inda 'yan wata ƙungiyar masu gudu suka shirya ta, mutum 46 suka shiga. A watan Fabrairun 1978 aka yi mai tsawon zangon nan da ake kira Ironman a Hawai, mutum 15 suka tashi, 12 suka ƙarasa, Gordon Haller ya zo na ɗaya cikin awa 11 da minti 46. Nisanta ninƙayar kilomita 3.8 ne, da tuƙin keke na kilomita 180, da gudun kilomita 42.2. Wasan ya shiga gasar Olamfik a birnin Sidni a shekarar 2000, da gajeren zango: ninƙayar kilomita 1.5, keke kilomita 40, gudu kilomita 10.

Na san wani zai ce ina ruwanmu da wasan da yawancinmu sai a talabijin muke ganinsa. Amsata ita ce, gwiwa ɗaya ce ko ta wane ne. Ɗalibin da ya murɗe ƙafa a filin ƙwallon makaranta, da ma'aikacin da likita ya ce ya rage ƙiba ya shiga sassarfa bayan sallar asuba, da matashin da ke shirin gwajin gudu na shiga aikin ɗamara, duk matsalarsu guda ce da ta ɗan tirayatalon. Bambancin kawai shi ne a wannan wasa ne matsalar ta fi fitowa fili, shi ya sa na zaɓe shi a matsayin madubi.

Ga abin da nake son faɗa. Zuciya da huhu cikin makonni suke dawowa hayyacinsu, jijiya da guringuntsi kuwa sai an lissafa watanni. Mai jinyar gwiwa da ke ninƙaya da tuƙa keke zai ji ƙirjinsa ya buɗe, ƙarfi ya dawo, tun gwiwar ba ta kai ko rabin hanya ba. Don haka ranar komawa gudu gwiwa ce ya kamata ta sa ta. Numfashi ba shi da wannan hurumi, haka kalandar masu shirya gasa.

Mu fara da alherin da ke cikin wasan. Mai gudu zalla in gwiwarsa ta lalace, sai ya ga duniyarsa ta tsaya cak, domin abin da ya iya shi aka hana shi, kuma makonni biyu zuwa uku na zama sun isa juriyar numfashinsa ta fara raguwa. Ɗan tirayatalon kuwa in an rufe masa ƙofa ɗaya, saura biyu a buɗe. Ruwa yana ɗauke wa gaɓɓai nauyi. Wanda ya tsaya cikin ruwa iya ƙugu, kimanin rabin nauyinsa ne ke kan ƙafafunsa, in ruwan ya kai masa wuya bai fi kashi ɗaya cikin goma ba. Akwai ma gudun cikin ruwa, inda mutum ke ɗaura ɗamarar da ke hana nutsewa ya riƙa motsa ƙafafu kamar mai gudu ba tare da ya taɓa ƙasa ba, kuma an gwada an ga masu gudu na iya riƙe juriyarsu da shi har tsawon makonni shida. Keke ma haka yake, sirdi ne ke ɗauke da nauyin jiki, gwiwa tana lanƙwashewa tana miƙewa a hanya ɗaya, babu dirowa babu murɗewa. Shi ya sa keken motsa jiki, irin wanda ake girkewa wuri ɗaya, yana cikin kayan farko da likitocin fisiyo, waɗanda jama'a ke kira likitocin gashi, kan ɗora mai jinyar gwiwa a kai.

To, a cikin wannan alheri ne tarkon yake. Tsoka nama ce mai yalwar jini, tana samun abinci da iskar da take buƙata cikin sauƙi, shi ya sa take saurin gyaruwa. Kayan cikin gwiwa ba haka suke ba. Guringuntsin da ya lulluɓe kan ƙasusuwa ba shi da hanyar jini ko ɗaya, daga ruwan cikin gaɓa yake tsotsar abincinsa. Faya-fayan guringuntsi guda biyu da ke zaman matashi tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri, gefensu na waje ne kaɗai jini ke kaiwa, shi ya sa in yagewar ta ciki ce ba kasafai take haɗewa da kanta ba. Jijiyar nan da likitoci ke kira ACL, wadda ke hana ƙwauri zamewa gaba ya bar cinya, in ta tsinke ɗungurungum yawanci ba ta komawa yadda take. In za a yi aiki, wata jijiyar ake yankowa daga jikin mutum a dasa a madadinta, sabuwar kuma sai ta bi ta wani mataki na rauni a watanni biyu zuwa uku na farko kafin jiki ya saƙa ta ta yi ƙwari. Abin lura shi ne, a daidai wannan lokaci ne zafin tiyata ke gushewa, mai jinya ya ajiye sanda, ya fara jin kamar ya warke.

Wasu masana a birnin Kofenhagen na ƙasar Denmak sun nuna irin jinkirin nan ta wata hanya mai ban mamaki. Gwaje-gwajen bama-baman nukiliya da manyan ƙasashe suka yi a shekarun 1950 da farkon 1960 sun ƙara yawan wani nau'in sinadarin kabon a iskar duniya, ya shiga tsirrai, ya shiga abinci, ya shiga jikin mutane. Da yake an san yawansa a kowace shekara, in aka auna shi a wani sashen jiki ana iya gane lokacin da aka gina wannan sashe. Da suka auna tsakiyar jijiyar agara a 2013, sannan guringuntsin gwiwa a 2016, sai suka tarar da cewa zaren da aka saƙa su da shi tun na lokacin tasowa ne, bayan mutum ya gama girma kusan ba a sabunta shi. Ma'ana, dattijo mai shekara sittin da guringuntsin samartakarsa yake tafiya masallaci. Kayan da ba a sake ba ka wani, ai dole ka yi masa riƙon ƙwai.

Yanzu a dubi abin da gudu ke nema daga wannan gwiwa. Duk taku ɗaya na mai gudu, ƙafa na karɓar ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinsa. Mai nauyin kilo 70 ke nan yana sauke wa ƙafa ɗaya abin da ya kai kilo 140 zuwa 210 a kowace dirowa, kuma a gudun kilomita 10 kowace ƙafa za ta dira sau dubu huɗu zuwa biyar. Abin da ke rage wa gwiwa wannan duka shi ne tsokokin cinya da na ƙugu, su ne masu gadinta. A tirayatalon kuwa gudu ne ke zuwa a ƙarshe, bayan feda ta gama tatse cinyoyi. Wato gwiwa tana gamuwa da mafi tsananin aikinta ne a lokacin da masu gadinta suka fi gajiya. Ga kuma ɗan tsakanin nan na sauyi, inda ake fitowa daga ruwa a guje babu takalmi, a kan yashi ko jiƙaƙƙiyar ƙasa mai santsi, sannan a diro daga keke tun bai gama tsayawa ba. Wanda ya ce ai shi gudunsa miƙaƙƙe ne babu murɗiya irin ta ƙwallon ƙafa, ya manta da waɗannan 'yan mintuna.

Masu gaggawa suna da labarin da suke kafa hujja da shi, kuma labarin gaskiya ne. A 1984 Ba'amurkiya Joan Benoit ta shiga ɗakin tiyata aka yi mata aiki a gwiwar dama, saura kwana 17 a yi gasar tantance waɗanda za su wakilci ƙasarta a gudun fanfalaki. Ta shiga ta zo ta ɗaya, sannan a watan Agusta ta ci lambar zinare a Los Anjelis, a karo na farko da aka bar mata su yi wannan dogon gudu a Olamfik. Sai dai masu ba da labarin kan tsallake abu biyu. Na farko, aikin da aka yi mata na cire wani ɗan zare ne da ke kawo cikas cikin gaɓar, ba a dasa jijiya ba, ba a ɗinke guringuntsi ba, saboda haka babu wani ɗinki da ake jira ya kama. Na biyu, ko ita ma sai da ta biya kuɗin gaggawa, domin garin lallaɓa ƙafar da aka yi wa aiki ta jawo wa tsokar bayan cinyarta ta hagu rauni ana dab da gasar. Wanda aka dasa wa jijiya ya ce zai bi sawun Benoit, ya ɗauki maganin da ba na ciwonsa ba.

Misalin da ya fi dacewa da 'yan tirayatalon shi ne na Baturen Ingila Alistair Brownlee, duk da cewa nasa raunin a agara yake. A farkon 2012 jijiyar ta yage, ga Olamfik na tafe a Landan, ƙasarsa ce mai masauƙin baƙi, kuma shi ake sa wa ido. Bai kwanta ba, bai kuma fita titi da ɗingishi ba. Kwamin ruwa ya kafa a harabar gidansa ya mayar da gudunsa cikin ruwa har jijiyar ta iya ɗaukar nauyi. Ranar 7 ga Agusta ya ci zinare, ƙanensa Jonathan ya ci tagulla. Darasin da na ɗauka a nan shi ne ya raba abu biyu da mutane ke haɗawa: aikin da zuciya ke bukata, da nauyin da jijiya za ta iya ɗauka. Ya ba kowanne haƙƙinsa daban.

Masu kallon ƙwallon ƙafa ma suna da nasu shaidun. Ronaldo na Brazil ya ji rauni a jijiyar ƙoƙon gwiwa a watan Nuwamban 1999 yana wasa a Inter Milan. Ya dawo ranar 12 ga Afrilun 2000 a karawarsu da Lazio, bai yi minti goma a fili ba jijiyar ta tsinke gaba ɗaya, babu wanda ya taɓa shi. Sai da ya shafe fiye da shekara guda yana jinya, kafin ya dawo ya ci ƙwallo takwas a gasar cin kofin duniya ta 2002. Shi kuwa Virgil van Dijk na Liverpool, da jijiyarsa ta ACL ta lalace a watan Oktoban 2020, ya haƙura da gasar ƙasashen Turai da aka yi a tsakiyar 2021 duk da cewa shi ne kyaftin ɗin ƙasarsa Holan, ya tsaya ya ƙarasa jinya, ya shiga sabuwar kaka da ƙafafunsa. Gani ga wane, in ji masu iya magana, ya ishi wane tsoron Allah.

Ba labaran shahararru kaɗai ke nuna haka ba. A 2016 Hege Grindem da abokan aikinta na Nowe da Amurka sun wallafa sakamakon bibiyar 'yan wasa 106 da aka yi wa dashen jijiyar ACL. Sun gano cewa duk wata ɗaya da aka jinkirta komawa fili, har zuwa wata na tara bayan tiyata, yana rage haɗarin sake samun rauni da kusan rabi. Sun kuma gano cewa waɗanda tsokar gaban cinyarsu ta kusa kamo ta lafiyayyar ƙafar a ƙarfi sun fi tsira. Gaskiya ne binciken ya fi shafar wasannin da ake yawan juyi da birki, kuma ana barin mutum ya fara sassarfa a miƙe tun kafin wata tara, galibi daga wajen wata na uku in ya cika sharuɗɗa. Amma saƙon bai canja ba: lokaci da ƙarfin cinya ne ma'auni, jin garau a jiki ba ya cikin lissafin.

Kada a fahimce ni da cewa ina kiran mai ciwon gwiwa ya shimfiɗa tabarma ya kwanta. Wannan shi ne ɗaya kuskuren, kuma a cikin jama'armu ya fi na farkon yawa. Guringuntsi kamar soso yake, sai an matsa an saki sannan ruwan gaɓa ke shiga ya fita da abincinsa. Gwiwar da aka ɗaure aka ajiye tana sanƙarewa, cinya ta tsotse cikin 'yan makonni. Akwai kuma tsohuwar maganar nan cewa gudu na cinye gwiwa. Wani nazari da aka wallafa a 2017, wanda ya tattara bincike da dama, ya nuna cewa ciwon amosanin gwiwa da na ƙugu ya kama kashi 3.5 cikin ɗari na masu gudun motsa jiki, kashi 10.2 na marasa motsa jiki, da kashi 13.3 na manyan 'yan gasa masu gudu fiye da kima na shekaru da yawa. Ashe zama ma ciwo ne, wuce gona da iri ma ciwo ne, lafiya tana tsakani.

To yaya ake atisaye a wannan tsakanin? Matakin farko shi ne a san sunan ciwon. Kalmar targaɗe a bakinmu ta haɗa abubuwa da yawa, tun daga ɗan zafin gaban ƙoƙon gwiwa da gyaran sirdin keke zai iya kawarwa, har zuwa tsinkewar jijiya. Ina girmama masu ɗori, sun daɗe suna taimakon al'umma a wuraren da asibiti ya yi nisa, amma hannu ba ya ganin abin da ke tsakiyar gaɓa, hoton ƙashi na yau da kullum ma ƙashi yake nunawa, jijiya da guringuntsi sai gwajin ƙwararren likita, wani lokaci har da hoton MRI. Wanda ya ji ƙara a gwiwarsa lokacin da ya ji ciwon kuma ta kumbura cikin 'yan awoyi, ko take maƙalewa ta ƙi miƙewa, ko take zamewa kamar za ta kayar da shi, ko ya kasa taka ƙafar, asibiti ya kamata ya nufa kafin ya yi maganar wani atisaye. Haka wanda aka yi wa aiki ya ga sha-raɓarsa ta kumbura tana zafi, ko gwiwar ta yi ja ga zazzaɓi, wannan ba abin jira ba ne.

In likita ya ba da izini, ruwa ne mashiga, da sharaɗin cewa wurin da aka yanka ya rufe sarai. A ruwan ma akwai abin kiyayewa. Iyon kwaɗo, wanda ake ware ƙafafu a harba su gefe, yana murɗa cikin gwiwa har lafiyayyun 'yan ninƙaya na kuka da shi, don haka mai jinya ya bar shi sai can gaba. Ya matse abin da ke sa ƙafafu su taso a tsakanin cinyoyinsa ya yi iyo da hannuwa, kuma in ya kai bango ya juya a hankali kada ya tokare shi da ƙarfi. A nan ƙasar tamu wuraren ninƙaya masu tsafta ba su da yawa, amma ina jan kunnen matasa kada rashinsu ya kai su kududdufi ko madatsar ruwa, inda ake kwasar tsargiya, ga kuma haɗarin nutsewa ga mai ƙafa ɗaya da rabi.

Keke na zuwa ne idan gwiwa ta iya lanƙwashewa yadda feda za ta zagaya ba tare da mutum ya karkata ƙugu ba, wato ta ɗan wuce lanƙwasar mai zaune kan kujera. A fara da keken girke, domin a titi akwai birkin gaggawa da sa ƙafa a ƙasa ba shiri. Sirdin da ya yi ƙasa yana matse ƙoƙon gwiwa ya jawo zafi a gaba, wanda ya yi sama da yawa kuma yana jawo zafi a baya, daidai shi ne idan feda ta kai ƙasa gwiwar ta kasance da ɗan lanƙwasa kaɗan. A sa giya mai sauƙi a riƙa juyawa da sauri, a bar hawan tudu da tashi tsaye kan feda sai daga baya.

Akwai wasa na huɗu da ba a ba da lambar yabo a kansa, wanda kuma shi ne ginshiƙin sauran ukun: ƙarfafa tsoka. Miƙe ƙafa a ɗaga, tashi daga kujera a koma a hankali, hawa matakala ɗaya a sauko, tsayuwa da ƙafa ɗaya. Aiki ne mai gundura, kuma na lura shi ne abin da masu zafin nema suka fi tsallakewa, domin ba ya sa gumi irin na keke. Amma keke ba ya maye gurbinsa, saboda a kan keke lafiyayyar ƙafa na iya ɗauke wa mai ciwon aiki ba tare da mai su ya sani ba. Kafin a fara sassarfa, abin da likitocin fisiyo kan nema shi ne babu kumburi, gwiwa na miƙewa sarai, mutum na iya doguwar tafiya da sauri babu ɗingishi, kuma ƙarfin cinyar ya kai aƙalla kashi 70 cikin ɗari na ɗayar. Sannan a fara da cakuɗa tafiya da sassarfa, minti ɗaya na wannan minti biyu na wancan, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ana tsallake rana. Gudu bayan an sauko daga keke shi ne na ƙarshen dawowa, tunda shi ne mafi tsanani.

Alƙalin duk wannan shi ne washegari. Jiki magayi ne, amma gwiwa ba kasafai take magana nan take ba, sai an kwana. Ɗan zafi mara yawa da ya lafa cikin awa 24 abin haƙuri ne. Kumburi kuwa ja da baya yake nufi, domin ruwan da bai wuce babban cokali biyu ba in ya taru a gaɓar yana iya sa tsokar gaban cinya ta rage aiki, gwiwar ta rasa mai gadi. Musulmi ma yana da ma'auni sau biyar a rana, tunda sujada da zaman tahiya suna neman lanƙwasa gwiwa har ƙarshe. Wanda aka ɗinke wa guringuntsi kan samu umarnin kauce wa irin wannan lanƙwasa na wani lokaci, kuma malamai sun yi bayanin rangwamen da shari'a ta yi wa mara lafiya ya yi salla a zaune. In addini ya yi wa gwiwa uzuri a kan farilla, ban ga dalilin da mai ita zai hana ta uzuri a kan tsere ba.

Wannan ne ya kawo ni ga maganin kashe zafi. Haɗiyar ƙwaya kafin atisaye kamar cire wa mota fitilar gargaɗi ne don kada ta dami direba. Magunguna irin su ibuprofen da diclofenac, in aka haɗa su da dogon gudu cikin zafin rana da ƙarancin ruwa a jiki, suna iya taɓa ƙoda. Tiramadol kuwa, wanda mun ga irin ɓarnar da ya yi wa matasanmu, hukumar tseren keke ta duniya ta haramta shi a gasanninta tun 2019, a kansa aka soke sakamakon Nairo Quintana na Kolambiya a babban tseren keken Faransa na 2022, kuma daga farkon 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta hana amfani da shi lokacin gasa a dukkan wasanni.

Na san hujjar ɗaya ɓangaren, kuma ba zan raina ta ba. Mutum ya biya kuɗin rajista mai yawa, ya sayi tikitin jirgi, ya sanar da 'yan uwa da abokai, wataƙila ma shekaru sun fara turawa yana ganin in bai yi bana ba shi ke nan. Ga Bahaushe na cewa a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Ga ɗan wasan da gasar ce abincinsa, wanda Olamfik ke zo masa sau ɗaya a shekara huɗu, yin kasada lissafi ne da zai iya yi da likitocinsa, ya san abin da zai samu da abin da zai rasa. Amma mafi yawan masu shiga tirayatalon ma'aikata ne da 'yan kasuwa da malaman makaranta, waɗanda abin da za su samo a ƙarshen layi lambar wuya ce da hoto. Gasar za ta dawo baɗi, guringuntsin kuwa mun ji cewa ba a sake raba shi. Masu shirya wasan da kansu sun buɗe hanyoyin tsakani: akwai rukunin ninƙaya da keke zalla babu gudu, akwai na karɓa-karɓa inda mutum uku ke raba wasannin uku a tsakaninsu, akwai kuma gajeren zango na ninƙayar mita 750 da keke kilomita 20 da gudun kilomita 5. Wanda ya zaɓi ɗaya daga cikinsu a shekarar jinyarsa bai yi abin kunya ba.

Shawarata ga duk mai wannan hali, ɗan tirayatalon ne ko ɗan ƙwallon unguwa, ita ce ya juya tsarin lissafinsa. Kada ya kafa ranar gasa sannan ya tilasta wa gwiwa ta cim mata. Ya zauna da likitansa su rubuta sharuɗɗan da gwiwar za ta cika ɗaya bayan ɗaya, in ta cika su sannan ya buɗe kalanda ya nemi gasar da ta dace. Kafin nan ga ruwa ga keke, su riƙe masa zuciya da huhu, su kuma riƙe masa hankali, domin zaman jinya na cin rai. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ƙara wa masu ita. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.